Kwallin Ɗiyar Fari

Shekara goma sha biyu ke nan, a cikin wannan wata na azumin tsofaffi, da aka fita da ɗiyata ta fari daga gidanmu na Ƙanƙara zuwa makwancinta. Ta rasu tana da shekara talatin da takwas. A duk tsawon rayuwarta bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya.

'Yan zamani za su yi mamaki, amma tsararrakina sun san abin da nake nufi. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo, in yana kuka sai an ce mata "ke, ba shi nono mana" sau biyu ko sau uku kafin ta miƙa hannu, kamar an tilasta mata. Wannan ita ce kunya, da ita ake gane ɗiyar mutunci. Ni kuwa kunyata biyu ce, don sunan mahaifiyar maigidana aka sa wa yarinyar. Mutanen gida suna ce mata Uwani. Ni sai dai in ce "ke", ko "yarinyar nan". Ita kuma da ta buɗe baki Yaya take ce mini, har ta koma ga Mahaliccinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, bayan na yi shekaru ina yi mata addu'a a ɓoye, shi ne barkar da na je makon jiya a maƙwabta. Wata yarinya ce ta haihu, cikin mutanen da rashin kwanciyar hankali ya taso daga wajen 'Yargoje, suka kama haya a bayan gidanmu. Aka miƙo mini jaririya, kwana huɗu a duniya, idanunta sun sha kwalli raɗau, har da ɗigo a goshi. Na yi mata addu'a, na mayar, na tashi na fito ban ce komai ba. Sai da na kai zaure na tsaya. Na ce a raina, da yarinyar nan tawa tana raye, da ba ta fito daga ɗakin can hannu rabbana ba. Kafin in faɗi dalili, bari in koma baya da labarin.

An kawo ni Ƙanƙara daga Sabuwa ina gama sakandare, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa cikin ƙasar nan. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne, yana zagaya gonakin auduga tsakanin Faskari da garinsu Daudawa. Albashi ya ƙaru, sai ga babur, sai ga rediyo mai cin kaset wanda ake jona wa batirin mota. Ɗakina aka yi masa rufin kwano, aka shafe shi da fenti mai mai, kore shar. Mata suna shigowa kallo, suna shafa bango suna cewa, "Kai, 'yar boko ta faɗa gidan daɗi." Duk wanda ya ga gidan nan a lokacin zai ce an tsere wa cuta. Ba mu san mun sayo wata mun shigo da ita da hannunmu ba.

Cikin kayan da mahaifiyata ta haɗo ni da su akwai wani dunƙulen kwalli, mai nauyi, yana ƙyalli kamar azurfa, da ɗan dutsen niƙa shi, da tandu na fata mai ado. Ta ce mini irin mai kyau ne, ba irin na kasuwa da ake cuɗawa da gawayi ba. Na ajiye shi a ƙasan akwati kamar dukiya.

Da na haihu na gama wanka a gida na dawo, sai Iya, mahaifiyar Malam, ta taso daga Daudawa ta zauna tare da mu. Ita ke yi wa yarinyar wanka, ita ke goyo, ita ke rawa da ita a tsakar gida tana yi mata kirari. An riga an yanke magana tun ranar suna: in an yaye ta, Iya za ta tafi da takwararta Daudawa ta riƙe. Haka ake yi wa ɗan fari, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Nawa ba da nono ne, shi ma fuska a kawar.

Abu ɗaya ne Iya ba ta iyawa. Hannunta yana rawa, idonta kuma ya fara hazo. Ran nan ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Ungo, shiga da ita ki sa mata kwalli, kar in tsone wa takwarata ido."

Na shiga ɗaki na saki labule. Na kwantar da ita a cinyata, na tallafo fuskarta da tafin hannuna. Ranar na fara ganin ɗiyata sosai. Na ga tana da ɗan baƙin tabo a bayan kunne irin nawa. Na ga in ta yi hamma hancinta yana tattarewa. Aikin da bai wuce ƙiftawar ido biyu ba, na yi kusan rabin sa'a ina yinsa, sai da Iya ta ɗaga murya ta ce, "Kwallin amarya kike sa mata ne?"

Daga ranar kwalli ya zama ƙofata. Da safe in sa mata. Da azahar in ce zufa ta wanke, in sake. Da la'asar in ce kuka ya ɓata, in ƙara. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya, ai aiki aka ba ni. A bayan labulen nan na yi mata duk wasan da ba ni da ikon yi a waje. A nan na sumbaci goshinta, a nan ta fara yi mini dariya. A nan ɗin kuma nake niƙa dutsen, garinsa yana zuba a kan tabarmar da take rarrafe. Mutanen unguwa suna yabon idanunta, suna cewa ba yarinyar da ta kai Uwani tsafta da kwalliya. Ina jin daɗi a ciki, ina sunkuyar da kai a waje.

Ta yi wayo da wuri. Kafin ta cika shekara ɗaya da rabi tana cewa "Iya", tana cewa "ruwa", tana kwaikwayon ƙarar babur ɗin ubanta tun yana kan hanya. Sai kuma a hankali abubuwa suka fara ja da baya. Ta daina son abinci. Bayan gida ya yi mata wuya, ta riƙa dafe ciki tana kuka. Tafin hannunta ya yi fari. Yarinyar da ba ta da rigima ta koma mai fushi, tana jifa da duk abin da aka ba ta. Aka ce haƙori ne, aka ce shawara ce, aka jiƙa abin da aka saba jiƙawa. Ni ce na fara lura kalmominta suna raguwa, don ni ke jin su a bayan labule. Amma uwar ɗan fari ba ta cewa ɗanta ba shi da lafiya, sai wani ya faɗa.

Malam ne ya ce a kai ta babban asibiti, tafiyar rabin yini a mota. Shi aiki ya riƙe shi, sai muka tafi da Iya, ita da goyo a gaba, ni a baya da ƙullin kaya kamar 'yar rakiya. Likitan da muka samu wani dattijon Ba'indiye ne, cikin waɗanda aka yi ta ɗaukowa aiki a shekarun nan. Ma'aikaciyar da ke yi masa tafinta an kira ta wani ɗaki, da ya ji ina jin Turanci sai ya ce mu ci gaba.

Ya duba cikinta, ya duba harshenta. Sai ya sa babban yatsansa ya shafi ƙasan idonta, ya ɗaga yatsan ya nuna mini baƙin da ya kwaso. Ya tambaye ni daga dutse mai ƙyalli ake niƙa shi? Na ce e. Sau nawa a yini? Na ce sau ɗaya, na rage biyu. Ya ce a ƙasarsu ma suna da irin wannan al'ada, kuma ya sha ganin yaran da ta kwantar. Ya ce dutsen nan dalma ce a cikinsa, irin wadda ke cikin batirin mota, kuma guba ce ga yaro. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, yau kaɗan gobe kaɗan, tana taruwa a jiki, tana cin jini, daga ƙarshe ta taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya gyaruwa. Ya ce a daina yau, ba gobe ba. Ya maimaita, yana kallon cikin idona. Ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce mu dawo bayan mako biyu.

Iya ta gyara goyo ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce jini ne ya yi mata kaɗan. A riƙa ba ta ganye da wake."

"Duk wannan dogon surutun, ganye da wake kawai?"

"Haka yarensu yake, Iya."

Ta yi dariya, ta ce Allah ya sawwaƙe wa Bature da ɗan'uwansa. Muka fito.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa nauyin Iya ne ya hana ni faɗa. Yaya zan dubi tsohuwa in ce abin da ta sa wa 'ya'yanta duka, abin da uwata ta ba ni da hannunta, guba ne? Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni ba ni da wannan mafaka. Na sani. A makaranta an koya mana sunan dalma, na gane kowace kalma da likitan ya faɗa. Abin da na lissafa a cikin motar dawowa shi ne saura wata huɗu a yaye ta a tafi da ita. In na faɗa, labule ya rufe ke nan, ba ni da sauran dalilin ɗaukarta. Sai na ce wa zuciyata zan rage. Zan riƙa sa ɗan kaɗan, sau ɗaya, da bakin tsinke. Wata huɗu ai ba wani abu ba ne, mu ma da shi aka raine mu ga mu nan garau. Mako biyu suka cika, Iya ta ce ai ta fara cin abinci, ba sai an koma ba. Ban yi musu ba. Sau ɗayan nan kuma bai daɗe ba ya koma biyu.

Saura kwana tara yaye, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida, yarinyar tana zaune kusa da Iya tana wasa da murfin kwano. Sai na ji murfin ya faɗi. Na ɗaga kai na ga ta sandare, idanu sun juye, jikinta yana jijjiga. Iya ta rungume ta tana salati. Da abin ya lafa, ta ce, "Baki ne. Na faɗa, yabon idon nan ya yi yawa. Ɗauko mani tandu in yi mata ɗigo a goshi, a ƙara mata a ido."

Na ɗauko. Wallahi na ɗauko, har na miƙa. Sai da na ga tsinken a hannunta mai rawa yana dosar fuskar yarinyar, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na kama wuyan hannun surukata na riƙe.

"Ke! Lafiyarki?"

"Iya, kar ki sa. Shi ne. Likita ya ce shi ne."

"Yaushe ya ce?"

"Tun ranar."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka, a durƙushe, har da sau ukun da nake sawa. Ta daɗe tana kallona. Na jira zagi, na jira ta ce a kira ubana daga Sabuwa. Sai ta ce, "Ke da aka kai makaranta don ki ji mana abin da ba mu ji, kika ji, kika ɓoye? Don mi?"

Ta dubi labulen ɗakina, ta dube ni, ta sake duban labulen. Sai ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Ni ma da nawa ɗan farin, da cire ƙaya nake fakewa. Kullum sai na ce mijin nan naki ya taka ƙaya, ko bai taka ba." Ta kwance zanen goyonta ta miƙo mini. "Goya ta. Tashi mu tafi." Ranar na fara goya ɗiyata a gaban mutane, na ratsa kasuwa da ita har tasha, tana lilo a bayana kamar tsumma.

Mun yi makonni a asibiti, ana yi mata allurai masu zafi don a fitar da gubar. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Da Malam ya zo, sai ya zaunar da shi ya yi ta tambayarsa game da gida. Akwai fenti? Yana ɓarewa? Akwai tsohon batir? Da me ake liƙe kwanukan da suka huje? Kowace tambaya Malam sai ya ce akwai. Ya koma Ƙanƙara ya bi gidan lungu-lungu da idon da bai taɓa duba shi da shi ba. A ƙasan bangon ɗakina, inda damina ta jiƙa, koren fentin ya tashi ɓawo-ɓawo, ga sawun 'yan farcenta inda take ɓantara. Batirin rediyo na farko da ya mutu, shi da kansa ya fasa shi a tsakar gida ya ba mai gyaran kwano dalmar ya liƙe mana bokitin ruwan sha, ɓawon batirin kuma ya zama abin ba kaji ruwa, inda take tsoma hannu kullum. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ya ce mini da ya dawo, don ya rage mini nauyi. Amma shi bai sani ba, ni na sani. Ban bar kaina na manta da wannan bambanci ba.

Ya bi abin da likita ya ce. Bai kankare fentin a bushe ba, sai da aka yayyafa ruwa don kar ƙura ta tashi, aka kwashe, aka sake shafe bangon da siminti, aka bi da farar ƙasa. Aka kwashe ƙasar wurin da aka fasa batirin aka zuba sabuwa. Bokitin, ɓawon batirin, tabarmar, dutsen niƙa da dunƙulen kwallin mahaifiyata, duka aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, nesa da rijiya, aka binne. Ɗakin da mata ke zuwa kallo ya koma fari fat irin na kowa.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma yarinyar da ta dawo gida ba ita ce mai kwaikwayon babur ba. Sai da ta kai shekara huɗu ta sake cewa "ruwa". Kunnenta ɗaya ya yi nauyi. An sa ta firamare, ta yi shekara uku a aji biyu, malamin ya zo da kansa ya ba Malam haƙuri. A allo ta samu gajerun surori da take salla da su, ba ta wuce nan ba. Maganar Daudawa kuwa Iya da bakinta ta kashe ta. Ta ce, "Wagga sai uwarta. Riƙe abarki." Kun ji inda ciwon yake. Abin da na yi ta so, a bar mini ita, na same shi. Ta zauna a gabana shekara talatin da takwas, ba wanda ya zo neman aurenta balle ya raba mu. Garin neman gira na rasa ido, sai aka bar mini girar in yi ta kallo.

Ƙannenta biyar ba wanda kwalli ya taɓa idonsa yana yaro. Na sha gori a kan haka. A gidan suna a ce, "'Ya'yan 'yar boko, ido fari kamar marayu." Wata ta ce na raina sunna. Wannan ta dame ni har Malam ya kai tambayar gaban limamin unguwarmu. Ya ce babba ya sa kwallinsa in ya tabbatar da tsabtarsa, amma addini bai yarda a cuci kowa ba, balle jinjirin da ba ya iya cewa a'a. Na samu natsuwa, amma ban samu ƙarfin bakin gaya wa mata dalilina ba. In na fara, sai a tambaye ni yadda aka yi na sani.

Ita ce ta yi abin da na kasa. Tana son jarirai fiye da komai, duk gidan da aka haihu tana gaba ina baya. Ta ji tun tana ƙarama ana cewa kwalli ne ya taɓa ta, ta riƙe wannan magana ɗaya gam. In ta shiga ɗakin mai jego, sai ta ɗauki jariri ta leƙa idonsa. In ta ga baƙi, ba ta gardama da kowa. Za ta lalubi tandun a kan taga ko ƙarƙashin filo, ta soke a ƙugunta, ta ce da muryarta mai nauyi, "Kar a sa mashi. Zai zama irina." Wa zai iya ba ta amsa? Mata suka sa mata suna ɓarauniyar tandu. In sun hango mu sai ka ji ana cewa, "Ku ɓoye, ga Uwani nan!" ana dariya. Wata tsohuwa ta taɓa biyo ta har gida tana cewa, "Ke Uwani, na Makka ne fa, ba ni abina!" Ta ce, "Hajiya, ki sa a naki idon. Nashi ƙarami ne." Da yawa sun sayi wani. Amma da yawa kuma, in sun ɗauki tsinke, sai fuskarta ta faɗo musu a rai su ajiye. Sun gaya mini haka ranar zaman makokinta.

Shekaru da yawa bayan haka, da rediyo ya cika da labarin gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinariya, yara suna ta mutuwa, tana zaune tana tsintar shinkafa ta kara kunnenta mai ji. Ta ce, "Yaya, su ma kwalli ne?" Na ce a'a, dutse ne ake niƙawa a cikin gida. Ta ce, "To ai ɗaya ne." Ta riga masu ilimi da yawa ganewa.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Kusan kowane gida yanzu akwai batirin sola, in ya mutu a jefar da shi bayan ɗaki, yara su fasa su yi wasa da abin cikinsa. Mutanen da aka taso daga ƙauyuka suna cunkushe a tsofaffin ɗakunan haya masu ɓararren fenti, jarirai suna rarrafe a gindin bango. Kwalli kuma ya koma cikin 'yan kwalabe masu rubutun ƙasashen waje, ba mai iya cewa ga abin da ke ciki. Na san ba za ta yi dogon bayani ba. Za ta bi gida-gida tana tsince-tsince, ana yi mata dariya. Mu masu baki da karatu mun san a wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a nisanta shi da tsohon batir, in ana shakka a kai shi asibiti a auna jininsa. Mun sani, muna jin nauyin faɗa. Ni dai na ga inda jin nauyi yake kai mutum.

Ciwon ƙoda ne ajalinta. Na tambayi likita ko yana da nasaba da abin da ya same ta tana ƙarama, ya ce yana yiwuwa, amma ba zai iya rantsuwa ba. Ana saura kwana biyu ta rasu, da la'asar, ina shafa mata mai a ƙafa, na ga in ban faɗa yanzu ba sai a gaban Allah. Na matsa wajen kunnenta mai ji na ce, "Ke, kwallin nan, ni na sa miki. An hana ni, na ci gaba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani. Iya ta gaya mani tun da daɗewa."

"Me ta ce miki?"

"Ta ce don kina sona ne." Ta maida numfashi. "Shi ya sa nike ɗauke na mutane, Yaya. Su ma suna son nasu."

Ko a wannan lokacin ban kira sunanta ba. Ya zo har bakina, harshena ya ƙi. Shekara talatin da takwas na sabo sun fi ƙarfina.

Bayan an yi bakwai na buɗe akwatinta don a raba kayanta sadaka. Zannuwa ne 'yan kaɗan, da carbi, da hijabin sallarta. A ƙasa kuwa tandaye ne, na fata da na ƙarfe da 'yan kwalabe, cike da rabin akwati, kowanne ta ɗaure bakinsa da tsumma don kar ya zube. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ko gona ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Abin da ta bari ke nan. Amma ina ganin sauran gadonta kullum suna wucewa ta ƙofar gidana: wannan malamar asibiti ce, wancan yana koyarwa a Faskari, wancan direba ne mai 'ya'ya shida. Ba su san akwai tandun uwarsu a akwatin nan ba.

Ta yafe mini, ina kuma fatan Allah ya yafe mini, amma yafiya ba ta mayar da abin da aka ɓata. Abin da ya rage mini shi ne in daina shiru. Jiya da safe na koma gidan maƙwabtan nan. Na zauna a bakin gadon mai jegon na ba ta labarin nan tun daga labule har akwati, kakar jaririyar tana ji. Da na gama sai mai jegon ta sa hannu ƙarƙashin filo ta ciro kwalbar kwallin ta ba ni. Ta ce, "Hajiya, ita baiwar Allahn nan, mi ne ne sunanta, in riƙa sa ta a addu'a?"

Na buɗe baki zan ce Uwani, sai na ga ai wannan ma ɓuya ce. Iya ta daɗe da rasuwa, Malam ya bi ta, ba sauran wanda zan ji wa kunya sai kaina. Na faɗa mata, a hankali kamar mai koyon magana. Ga shi kuma ina rubutawa, don duk wanda ya karanta ya taya ni roƙa mata rahama.

Sunanta Rakiya. Rakiya ɗiyata. Allah ya jiƙanki, Rakiya, ya sa kin huta.